Wutar Baba da Karan Toka

Akwai wani dunƙule a kan tagar ɗakina, girmansa bai wuce curin fura ba. Baƙi ne mai ratsin kore, gefe guda yana ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba, ɗaya gefen kuma duk ƙananan ramuka ne. Masu zuwa gidana sukan ɗauka dutse ne na tsinto a duwatsun Kagoro, ni kuma ba na gyara musu. Toka ce. Toka ce da ta narke ta daskare a cikin boilar mahaifina, babbar tukunyar ƙarfe mai ba da tururi, shi da hannunsa ya sassaƙo ta da guduma ya miƙo mini. Na sha niyyar jefar da ita, har na taɓa kai ta bakin bola, na dawo da ita a aljihu.

Mahaifina fayaman ne a zamanin jirgin ƙasa mai cin kwal. Aikinsa ya tsaya a gaban bakin wuta da shebur, yana ciyar da ita tun daga Kafanchan har inda aka ce ya sauka. Da jiragen dizal suka zo aka daina buƙatar irinsa, sai ya dawo gida da shebur ɗinsa, da tabon ƙuna a damatsa biyu, da wata irin izza a kan sha'anin wuta wadda ba ta bar kowa ya huta ba. Ko Mama tana hura murhu sai ya leƙo ya ce ta cusa itace da yawa, wuta ba ta numfashi. Mama takan ce masa ya je ya nemi jirginsa, murhu dai nata ne. Duk unguwa Baba Fayaman ake ce masa, har yaran da ba su taɓa ganin jirgin kwal ba.

Mutum irin wannan ba ya iya zama ba wuta a gabansa. Ya sayi wata tsohuwar boila a wurin masu tsofaffin ƙarafa, shi da wani abokinsa mai walda suka yi ta faci har ta tashi. Ya kafa ta a bayan gidanmu, ya soma yi wa mutane gumin shinkafa. A jiƙa shanshera a duro ta kwana, washegari a sakar mata tururi ta bututu har ta turaru, a baza ta a shanya, sannan a kai inji. Aikin da mata ke wuni suna yi da tukwane, hayaƙi yana cin idonsu, boilar Baba takan gama shi kafin su gama gaisawa. Daga Manchok da ƙauyukan da ke kewaye ake kawo masa buhuna, musamman in Kirsimeti ta gabato.

Kwal daga kudu yake zuwa a babbar mota, kuma ba kullum ake samunsa ba, don haka Baba yakan haɗa shi da ɓuntun shinkafa da yake kwasowa daga masu inji. Amma yana da iyaka, kuma iyakar nan ta fi ƙarfin kowa a gidanmu. Kwanon sarki uku na kwal, ɗaya na ɓuntu. Totuwar masara 'yar kaɗan, don tayar da wuta kawai. Kara kuwa, na dawa ne, na dauro ne, na riɗi ne, ko kusa da boila ba ya yarda a ajiye. Wata rana yayana ya ga wuta ta yi sanyi ya jefa dammen kara a ciki, Baba ya bi shi da shebur har bakin titi, yana dattijon ikilisiya guda.

Ni ce mai tambaya a gidan, shi ya sa na zama malamar makaranta. A lokacin da nake ba da labarinsa na gama kwalejin horon malamai, ina koyarwa a firamare, ina zaune a gida. Na taɓa tambayarsa me kara ya yi masa haka. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa yana jiƙa mutum.

"Tokan kwal yana sauka ƙasa, ka kwashe shi da shebur, shi ke nan," in ji shi, da irin Hausarmu ta nan wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Ɓuntu, tokan shi da yawa ne, amma ba ya kama ƙarfe in ba ka wuce iyaka ba. Kara fa, akwai gishiri a cikin tokan shi. Je ki tambayi Mamanki me ya sa yana sa shi a miya. Gishirin nan in ya gamu da zafin kwal, sai ya narke. Ya tashi ya manne a bututu, ya kama tokan kwal, ya kama na ɓuntu, su zama dutse. Wuta ba zai samu iska ba, ruwa ba zai ji zafi ba."

Kilinka yake kiran dutsen nan, da bakin mutanen reluwe. Mu kuma mun san irinsa a wurin maƙera, kashin maƙera ake ce masa.

Abin da ya ce game da miyar Mama gaskiya ne. A wajenmu mace ba ta dogara da kanwar kasuwa. Bayan girbi takan zaɓi karan dauro da na riɗi da ɓawon wake da totuwa, ta tara a kan rumfa su bushe ƙayau. Ranar ƙonawa ta share fili fes, ta ƙona su su kaɗai, ba a haɗa su da ko tsinken wani itace. Ta kwashe tokar ta zuba a tukunya mai huda a gindi, ta zuba ruwa, ya riƙa ɗiga a kwano. Ruwan tokar nan shi ke sa miyar karkashi ta yi yauƙi ta yi laushi, shi ke ba ta ɗanɗanon da ɗan kudancin Kaduna zai gane ko a ina ya ci shi. Mata suna gasa da juna a kan tokar wa ta fi kaifi. Maƙwabciya za ta iya ba ki ruwan toka a kwalba, za ta iya ba ki aron zani, amma ban taɓa jin wadda ta ba wata karan tokarta ba. Na shekara guda ne, in ya tafi sai wani girbin.

Shekarar da abin ya faru, motar kwal ta yi alkawarin zuwa ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Baba ya amince, ya sa aka jiƙa shinkafar mutane, duro bayan duro har bakin katanga. Mota ba ta zo ba. Aka ce ta lalace a hanya. Kwal ɗin da ya rage a kusurwa bai kai ya turara rabin abin da aka jiƙa ba. Yayana ya zaga masu itace, amma makon nan kowa itace yake nema, wanda ya yarda ma ya ce sai jibi zai shigo da shi daga daji. Jiƙaƙƙiyar shinkafa kuwa ba ta jiran jibi. In ta wuce lokacinta sai ta yi tsami ta soma wari, ko awaki sai sun yi shawara kafin su ci. Kuma ba tamu ba ce. Noman shekara ne na mutanen da suka ɗauko ta a ka da kan keke suka kawo wa Baba Fayaman don sun yarda da shi.

Ran nan ne na fara ganin mahaifina ya zauna a gaban boila hannu biyu a kan gwiwa, bai yi wa kowa faɗa ba. Da yamma Mama ta tafi taron zumuntar mata a coci. Da aka zo wurin roƙon addu'a ta tashi ta ce a tuna da gidanta, wutar maigidanta tana neman mutuwa da shinkafar jama'a a wuyansa. Addu'a kawai ta roƙa, na tabbata da wannan.

Washegari da hantsi muka ji waƙa tana tahowa ta wajen layin dogo, da kiɗan tulu da caki. Na fito na ga mata a jere cikin zanin zumunta, kowacce da damme a ka. Sai da suka matso na gane abin da suka ɗauko. Ba itace ba ne. Karan dauro ne da na riɗi, da buhunan ɓawon wake da totuwa, duk busassu ƙayau, zaɓaɓɓu. Kowace mace ta sauke rumfarta ta kawo. Suka yi ta jibgewa a gaban boila, a daidai wurin da Baba ba ya yarda ko tsinken kara ya kwana, har tulin ya fi ni tsawo.

Uwar zumunta ta ɗaga hannu aka tsayar da kiɗa. Wata doguwar mace ce mai murya kamar ta maza, ita ta ɗauko dammen da ya fi kowanne girma.

"Baba, mun ji kukan Mama jiya," ta ce. "Mun yi addu'a, amma muka ce addu'a ba zai dafa shinkafa shi kaɗai ba. Itace ba mu da shi. Abin da muna da shi ke nan. Miya zai jira, shinkafa ba zai jira ba."

Na dubi Baba. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ya dubi tulin karan, ya dubi durorin shinkafa, ya dubi matan nan da gumi yake bin wuyansu. Na san abin da ke bakinsa, don na ji shi sau ba adadi. Na buɗe baki zan faɗa a madadinsa, sai ya matse mini hannu har na ji zafi.

"Ki kama bakinki," ya ce a hankali, bai ko waiwayo ba. Sannan ya ɗaga murya ya dubi uwar zumunta. "Mama, Ubangiji ya sāka muku. Ku ajiye, zan riƙa sa shi kaɗan-kaɗan."

Uwar zumunta ta ce, "Wane kaɗan-kaɗan? Mun zo aiki ne. Ka zauna ka huta, yau mu ne fayaman."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ba a mayar da hannun kyauta baya, kowa ya san wannan, balle kyautar da mace ta raba kanta da miyar shekara don ta kawo. Kuma ko da ya so ya mayar, me zai zuba a wutar? Na daɗe ina juya wannan a raina. Gaba kura ce, baya sayaki, sai dai kurar tasa ta zo da waƙar yabo a baki.

Bai zauna ba. Wutar kara ita kaɗai ba ta riƙe zafi, tana tashi fuu ta faɗi, don haka ya tsaya a bakin boila yana watsa ragowar kwal ɗinsa a tsakani, shebur ɗaya nan, shebur ɗaya can, mata kuma suna cusa kara damme-damme. Ya san haɗin nan shi ne mafi muni, kwal mai zafi da kara mai gishiri, kuma da hannunsa ya yi shi. Ban taɓa ganin wuta mai fara'a irin ta ran nan ba. Tana ruri, tana haske har da rana tsaka, tururi yana fita da ƙarfi, ƙamshin gumi ya cika unguwa. Mata suna waƙa suna juye duro suna baza shinkafa a tabarmi. Mama tana ta kai da kawo da ruwan sha, fuskarta kamar ranar bikinta.

Da rana ta karkata sai muryar wutar ta sauya. Ni ma da ba fayaman ba na ji. Rurin ya koma kamar numfashin mai mura, hayaƙi ya soma dawowa ta ƙofa maimakon ya bi bututun sama. Baba ya ɗauko dogon ƙarfensa ya zura ya motsa ragar da wuta ke zaune a kai, ya zaro shi da wani abu ja yana naɗe a baki, yana ɗiga a hankali. Ya goge a ƙasa da sauri ya take da takalmi don kada wata ta gani. Allurar agogon tururi tana ta sauka, shi kuma yana ta fama da ƙarfen nan, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Da ƙyar da jiɓin goshi duron ƙarshe ya turaru kafin rana ta faɗi. Ko ƙwaya ɗaya ta shinkafar mutane ba ta lalace ba, dole in faɗi wannan.

Da za su tafi, wata 'yar tsohuwa ta fito da buhu daga ƙugunta ta ce to a ba su tokar su raba. Ashe lissafinsu ke nan tun daga gida: kara dai ƙona shi za a yi ko a ina, in ya dafa shinkafa ya bar musu toka, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Baba ya ce musu tokar da ta haɗu da kwal ba ta shiga bakin mutum. Sai uwar zumunta ta fashe da dariya ta ce to bana kowa ya sha kanwar kasuwa, a ga mijin da zai yi ƙorafi. Suka yi addu'a suka tafi suna waƙa. Baba ya raka su har bakin layin dogo da hularsa a hannu.

Mai itace ya cika alkawari ya kawo washegari. Sabbin buhuna kuma suna jibge, wasu har an riga an jiƙa, don Kirsimeti ba ta matsa gaba ba. Baba ya buɗe ƙofar boila ya haska ciki, ni ma na leƙa. Ragar ƙarfen ta ɓace, wani baƙin dutse ya rufe ta gaba ɗaya. Bakunan bututun da zafi ke bi sun toshe, wasu ko yatsa ba zai shiga ba. A jikin bangon kuma wani farin ɓawo ya kama, mai kauri kamar ƙanzon tuwo.

A ƙa'idarsa ba a shiga boila sai ta yi kwanaki tana hucewa. Shi ya koya mana wannan, kuma shi ya karya ta. Yayana ya ce shi zai shiga, ƙashinsa ya fi ƙarfi.

"Wutan da na ciyar, ni zan kwashe kashin shi," in ji Baba.

Ya jiƙa tsumma ya ɗaure hanci da baki, ya kwanta rigingine ya zura kansa ta ƙaramar ƙofar, ya ja jikinsa ciki da guduma da cizal na sassaƙa ƙarfe. Ƙarfen yana da ɗumin da in ka ɗora tafin hannu ba za ka daɗe ba. Ni na tsaya a bakin ƙofa da kwanon sarki ina karɓar abin da yake turowa.

Ƙarar gudumar nan ita ce ta zauna mini. Ba irin ta maƙeri ba ce mai tashi sama. Daga cikin ƙarfe take fitowa, a dushe, kamar mutum yana ƙwanƙwasa ƙofa daga ɗakin da aka kulle shi. Zai buga, ya buga, sai shiru. A cikin shirun sai in ji tari. Sannan guduma ta dawo. Farar ƙura tana fitowa ta ƙofar tana shiga idona tana yaji, ni da nake waje ke nan. Inda ta haɗu da gumi a hannuna sai fata ta yi santsi ta soma zafi, kamar na wuni ina wanki da sabulun soda. Na yi ta roƙonsa ya fito ya sha iska, yana ce mini saura kaɗan.

Da ya fito ban gane shi ba. Fari fat tun daga gashi har ƙafa, idanu jajur, leɓe ya tsattsage. Ya kwance tsumman ya tofar da yawu, ya lashi leɓensa, sai ya yi murmushi.

"Kin san ɗanɗanon shi?" ya ce. "Miyan karkashin Mamanki sak."

Ya miƙo mini wani dunƙule mai ƙyalli ya ce in kai wa 'yan ajina su ga yadda toka ke zama kwalba. Shi ne wanda ke kan tagata. Ban taɓa kai shi aji ba.

Bai gama a rana ɗaya ba, sai da ya koma ciki washegari. A ranar ne ya tara mu, ni da yayana da Mama, a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Muryarsa ta dushe, yana magana yana tsayawa.

"Matan nan sun ba ni abin da ba a ba mutum. Duk wanda ya buɗe baki ya gaya musu abin da karan su ya yi, ko ina da rai ko ba na da rai, ba ɗana ba ne."

Mama ta tashi ta shiga madafa, ta daɗe ba ta fito ba.

Tarin bai tafi ba. Ya bi shi har rani ya wuce, damina ta shigo ta same shi da shi. Mutumin da ke bin yaro da shebur har titi ya koma sai ya huta kafin ya kai ƙofar coci. Likita ya duba hoton ƙirjinsa ya ce wannan tsohuwar ɓarna ce, ƙurar kwal ta shekara da shekaru, ba abin kwana biyu ba. Na yarda da likita, ya fi ni sani. Amma ni na san ranar da tarin ya fara, don ina tsaye a bakin ƙofar da kwano a hannu. Boilar ma ba ta koma daidai ba. Duk inda farin ɓawon nan ya zauna, ƙarfen ya ci ya yi laushi, bututu ya riƙa yoyo, mai walda ya toshe nan can ya ɓulle. Su biyun suka yi ta lallaɓa juna, shi da boilarsa, har aka daina kawo buhuna. Bai ga girbi na biyu ba.

Ranar jana'izarsa matan zumunta ne suka yi girki, suka kwana uku suna hidima da baƙi, suka riƙe Mama da ta kasa tsayuwa a bakin kabari. Na tsaya ina kallonsu ina jin haushin da ban san inda zan kai shi ba. Na ji haushinsu, na ji haushin waƙarsu, na fi jin haushin Baba. Kalma ɗaya ce, a'a, kuma babu wanda ya fi shi iya faɗinta. Ya faɗa wa yayana, ya faɗa wa Mama, ya faɗa wa fasto ma a taron dattawa. Ranar da ransa ya dogara a kanta sai ya cire hula ya ce Ubangiji ya sāka.

Mama ba ta sake tara kara a rumfa ba. Tukunyarta mai huda ta kife ta a bayan madafa, ciyawa ta fito ta kewaye ta. Har ta rasu da kanwar kasuwa take miya, ita da ta kasance tana yi wa masu yin haka dariya. Ban tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba. Mun zauna shekaru a gida ɗaya, muna cin miyar da ba ta da daɗi, kowa ya san dalili.

Gangar jikin boilar tana nan a bayan gidan har yau, ta yi tsatsa, awaki suna fakewa a gindinta in ana ruwa. Yaran unguwa suna cewa in rana ta take akan ji ana ƙwanƙwasawa a ciki. Na san dalili, ƙarfe ne yake buɗewa in ya ji zafi, na koyar da wannan a aji har na gaji. Duk da haka in na je gida ba na bi ta bayan nan da rana. Ko a cikin gari, in na wuce masu gyaran jikin mota na ji guduma a kan ƙarfe, ƙafata takan tsaya da kanta. Ba bugun nake saurare ba. Shirun da ke tsakani nake jira, in ji ko za a yi tari.

Na daɗe ban shiga zumunta ba, har aka soma yi mini kallon mai girman kai. Daga baya na shiga, na ɗaura zanin, ni ma na ɗauki kaya a ka na bi layi zuwa gidajen masu ciwo da masu makoki. Sai dai ni ba na iya waƙa sosai in mun isa. Fuskar mai karɓa nake kallo, ina neman abin da na gani a fuskar Baba ran nan.

Matan da suka zo gidanmu sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta taɓa sani. Duk inda na haɗu da ɗayarsu sai ta tuna mini shekarar da unguwa ta sha kanwar kasuwa saboda Baba Fayaman, ta yi dariya har da hawaye, ni kuma in taya ta. Wadda ta rage ita ce uwar zumunta. Tana Manchok a wurin ɗanta, idonta ya tafi, doguwar matar nan ta tanƙware ta zama 'yar mitsitsiya, muryar ce kawai ba ta tsufa ba. Bara na shiga mota na je gaishe ta.

Ta shafa fuskata ta gane ni, ta kira jikokinta su zo su ga 'yar Baba Fayaman. Ta ba su labarin tun daga farko, yadda suka sauke rumfuna, yadda suka bi layin dogo da waƙa, yadda wuta ta yi ruri. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya ba. Ta ce a duk abin da ta yi a zumunta, wannan ne take so ta tarar a gaban Ubangiji. Sannan ta juyo da makafin idanunta wajena.

"Malama, Babanki ya ji daɗi ran nan, ko?"

Jikokin suna kallona. Na ji hannun Baba a kan hannuna, daidai inda ya matse.

"Ya ji daɗi, Mama," na ce. "Har ya mutu bai manta ba."

Ta gyaɗa kai. Da zan tafi ta sa aka ɗauko mini ruwan toka a kwalba, na karan dauro, ta ce surukarta ce ta ɗiga shi amma ita ta zaɓi karan da hannunta, a lalube. Na riƙe kwalbar a cinya har Kafanchan.

Ta yi kwanaki a kan taga kusa da dunƙulen nan, ina wucewa ina kallonsu. Wata Asabar na sayo karkashi na tuƙa tuwon acca, na zuba ruwan tokar a miya yadda Mama take zubawa. Na zauna ni kaɗai na kai lomar farko. Yadda Baba ya faɗa ne, sak. Na ajiye hannu a bakin kwano na daɗe a haka, tuwo yana hucewa. Sannan na jawo kwanon na cinye duka, ban bar ko loma ba.